Harbi Ɗaya da Fensir Biyu

Ranar da Fumino ta fara ganin Motoki, zaginta yake yi bai sani ba.

Ta sauko ne daga hawa na uku da kofin shayinta, a ƙaramin kamfanin ɗab'in da take aiki a unguwar Jimbocho ta Tokyo. Sai ga wani dogon saurayi a bakin ofishin editoci, rigar ruwansa tana ɗiga, ya rungume takardun gwajin bugu kamar za a ƙwace masa. Editansa bai iso ba, shi kuwa cikinsa ya cika, sai ya sauke wa wadda ya fara gani.

"Gafara dai, nan kike aiki? Kin san tsohon da ke duba kurakurai a gidan nan?"

"Wane tsoho?" in ji Fumino.

"Ai dole tsoho ne, kuma ba shi da iyali. Tambaya ɗari biyu da sha huɗu ya jera mini da fensir. Littafina na farko fa. Dubi nan, shafi na tamanin da takwas."

Ba sai ta duba ba, ta san wurin. Jarumin littafin ya yi harbi a wani lungu, ƙwanson harsashin ya faɗi a kan siminti ya yi ƙara kamar an ya da cokali. A gefen shafin an rubuta da ɗan siririn fensir: "Irin wannan bindigar mai tulu mai juyawa ba ta tofar da ƙwanso, a cikinta yake zama. Ko a duba?"

"Jimlar da ta fi kowace kyau a littafin ke nan," in ji shi. "Mutumin nan ba shi da zuciya."

"Jimlar tana da kyau," ta ce a hankali. "Sau uku na karanta ta kafin na ɗaga fensir. Amma ƙarya ce, sensei." Haka ake kiran marubuta a can don girmamawa, wato malam.

Bawan Allah ya tsaya baki buɗe. Kunnuwansa suka yi ja jawur. Ya sunkuya zai ba da haƙuri, sunkuyon ya yi yawa, takardu suka zube har ƙarƙashin kujera. Suka durƙusa tare suna tsincewa, ita tana ƙunshe dariya, shi yana neman ƙasa ta tsage. Da ya ɗago ya dube ta sosai, sai ya manta shafin da ke hannunsa. Ita ma dai, a faɗi gaskiya, ta daɗe tana jera shafi biyu.

A ƙa'idar sana'ar, mai duba rubutu ba ya haɗuwa da marubuci, edita ne a tsakani. Ba ya kuma taɓa jimlar da ba tasa ba. Tambaya kawai yake yi da fensir, marubuci ya ga dama ya karɓa, ya ga dama ya goge. Motoki bai goge ko ɗaya ba. Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo wayarta, ya roƙi lambar ne a wajen edita da rantsuwar cewa godiya kawai zai yi.

"Malama Fensir, na gyara shafi na 88. Ƙwanson ya zauna a gidansa, ni ne na kasa zama. Akwai shagon taliyar soba a bayan layinku. Ko a duba?"

Ta karanta ya fi sau biyar kafin ta amsa.

"Mai dubawa ba ta cin abinci da marubuci. Amma littafinka zai tafi bugu ranar Juma'a, daga nan babu ruwana da kai. Asabar, ƙarfe ɗaya."

A shagon soba ya amsa laifinsa duka. Bai taɓa riƙe bindigar gaske ba, kamar yawancin masu rubuta irin waɗannan littattafai a ƙasar da ko ganin ta sai a ƙugun ɗan sanda. Ta roba ce da shi, guda goma sha biyu, yana goge su duk Lahadi.

"Ashe Maharbin Roba nake yi wa gyara," ta ce. Sunan kuwa ya bi shi.

"To ke me ya kai ki littattafan kisa da ruwan sama?" ya tambaye ta. "Ni dai a gidanmu kowa murmushi yake, ko ana mutuwa. A littattafan nan na fara jin mutum ya ce duniya ba ta adalci, ya faɗa kai tsaye, sannan ya ɗaure takalminsa ya fita aiki."

Nan fa hira ta ɓalle, taliya ta huce. Ita abin da take so shi ne gajiyayyun mutanen nan, babu mai tsabta a cikinsu, kowa da abin da ya binne, amma sai ka tarar da ɗaya ya riƙe alkawari guda tak ya ƙi saki ko za a yanka shi. Tana son gajerun jimlolinsu, da yadda ba sa roƙon mai karatu ya tausaya. Ta ce littafi mai kyau a irin wannan fanni, ƙarar bindiga ba ita ce ƙarshen harbi ba.

"A ina kika san wannan?" ya ce.

Ba ta amsa ranar ba. Sai da aka yi wata bakwai, bayan sun gama zaga shagunan tsofaffin littattafai na unguwar kaf, bayan "Malama Fensir" ta koma "Fumi tawa", wata ranar kaka suna zaune a bakin kogi da rana, ta buɗe masa abin da ba ta taɓa buɗe wa kowa ba.

Mahaifinta Genzo maharbi ne a duwatsun Akita. Tana shekara tara, ya ga motsi a cikin ciyayi ya ɗauka aladen daji ne, ya ja kunama. Amininsa ne, Sokichi. Harsashin ya farfasa masa ƙugu, bai mutu ba, amma bai ƙara tafiya babu sanda ba. Genzo ya kai bindigarsa wajen hukuma da hannunsa. Shekara goma sha tara ke nan yana faskara wa Sokichi itace, yana share masa ƙanƙarar rufin ɗaki, yana goya shi zuwa wurin ibada na kan tudu duk ranar biki. Kuma shekara goma sha tara babu wanda ya ƙara furta kalmar bindiga a gidansu.

"Bai taɓa gaya mana yadda aka yi a dutsen ba," ta ce. "Ko Mama. Ni Baba nake nema a littattafan nan, Motoki. Wannan maganar tsakanina da kai ce."

Ya riƙe hannunta ya ce maganar ta mutu a nan.

Da sanyi ya shigo suka hau jirgin ƙasa zuwa ƙauyen, don ya nemi aurenta. Mamarta Harue ta tarbe shi da fara'a, ta ɗora tukunyar romon kaza da gasasshen tuwon shinkafa. Genzo kuwa yana zaune kusa da murhu kamar kututture. Motoki ya durƙusa, goshi a tabarma, ya faɗi abin da ya kawo shi.

"An ce littafi kake rubutawa," in ji tsohon. "Na karanta. Ka taɓa riƙe ta?" Bindiga yake nufi, amma bai kama sunanta ba.

"A'a, Baba."

"Ban zama babanka ba tukuna. Mutum nawa ka kashe a ciki?"

"Goma sha ɗaya."

"Wa ya binne su?"

Tsohon bai jira amsa ba.

"Wa ya je ya gaya wa iyayensu? Wa ya wanke jinin? Ka harbe su ka juya shafi. Da wannan kake cin abinci, kuma da shi za ka ciyar da 'yata." Ya miƙe ya ɗauki gatarinsa. "Ku ci abinci, jirgin ƙarfe huɗu ba ya jira."

Fumino ta yi kuka a jirgi har ta gode Allah. Ba za ta yi aure babu yardar mutumin nan ba, ta sani, Motoki ma ya sani. Shi kuwa yana ta kallon taga, leɓensa yana motsi. Daga ranar ya rage fitowa. Saƙonninsa suka gajarce.

"Fumi tawa, ina aiki. Ki yi haƙuri da ni zuwa bazara. Ina sonki fiye da yadda na iya rubutawa, kuma kin san ban iya ba sosai."

Ana haka Iwabuchi-sensei ya sako kai. Babban marubuci ne a fannin, mai baƙar riga da baƙin gilashi ko a cikin ɗaki, wanda duk shekara yake hawa jirgi zuwa ƙasar waje ya biya a ba shi bindiga ya harbi kwali, ya dawo ya cika mujallu da hoto. Tun da Fumino ta ceci littafinsa daga abin kunya yake aiko mata da furanni har ofis. Ita dai tana kai su teburin mai karɓar baƙi.

A walimar da kamfani ya shirya wa marubutansa Iwabuchi ya tare ta da kofi a hannu, ya kira ta da sunan gidansu cikin ladabi.

"Hatakeyama-san, na ga sabon aikin yaron naki. Editansa ya ba ni in duba, wai zai kai shi gasa. Littafin bindiga guda, harbi ɗaya tak. Wani maharbin ƙauye ya harbi amininsa, sai shafi ɗari uku na faskaren itace." Ya yi dariya. "Ke ma ai 'yar duwatsu ce, ko? Ki yi hattara da mu. Marubuci ba budurwa yake nema ba, labari yake nema."

Kofin hannunta bai faɗi ba, amma ita ta ji kamar ta faɗi. Ta sunkuya ta gaishe shi yadda ya kamata, ta fita baranda, ta rubuta wa Motoki:

"Na ba ka amana a bakin kogi, ka kai ta kasuwa. Kada ka ƙara kirana."

Ya kira sau tara, ba ta ɗauka ba. Washegari saƙo ɗaya ya shigo, dogo.

"Na yi laifi, ba zan wanke kaina ba. Tambayar Babanki ce ta hana ni sukuni, na zauna in amsa ta, sai na ga babu amsar da na sani sai tasa. Na ba edita ne don ya gaya mini ko rubutun ya tsaya, ban ce ya nuna wa kowa ba, amma ni na miƙa masa, laifin nawa ne. Na karɓo kayana, na janye daga gasar, na goge na cikin kwamfuta. Kwafi ɗaya ya rage. Zan kai wa mai shi. In ya jefa a murhu, ya yi daidai."

Ba ta amsa ba. Haushi na cinta, kewa na cinta, ga tsoro, domin ta san abin da zai faru in Baba ya gane ta yi magana. Kwana goma ta yi tana duba littafin girke-girke, ta bar kuskure biyu suka wuce, abin da bai taɓa faruwa ba. Rana ta sha ɗaya Mama ta kira.

"Fumino, ki zo gida. Yaron nan ya zo ya ajiye wa Babanki wasu takardu ya yi ta ba da haƙuri. Na ce yau murhu zai ci. To bai ci ba. Mako guda ke nan yana zaune a kansu, har ya buɗe akwatinki na makaranta ya ɗauki fensir."

Ta isa da azahar, ƙanƙara har gwiwa. Genzo bai ɗago ba. Ya turo mata tarin takardun ta kan tabarma.

"Aikinki ne," ya ce. "Duba ko na yi daidai."

Ta buɗe. A gefen shafuka akwai rubutu da fensir, manyan haruffa masu kauri na mutumin da ya fi sabawa da gatari.

Inda Motoki ya ce ƙarar harbin ta cika kwari, an rubuta: "Ba a jin ƙarar. Kunne toshewa yake. Bayan nan sai ka ji tsuntsaye sun yi shiru."

Inda maharbin ya durƙusa yana kuka: "Bai yi kuka ba. Amai ya yi."

Inda wanda aka harba ya yi doguwar magana ta yafiya: "Abin da ya ce shi ne, 'Kai Gen, wawa, ni ne.'"

Inda aka goyo shi daga dutse cikin awa biyu, da sauƙi kamar yaro: "Awa huɗu. Kuma yana da nauyi. Yana ƙara nauyi duk taku. Har yau ina jinsa a baya."

Fumino tana karantawa hawaye na ɗiga a kan takarda, tana sharewa da hannun riga don kada fensirin ya goge. Abin da ta nema a littattafai ɗari, ga shi a gefen shafi da hannun Babanta. Mama tana tsaye a bakin ƙofa da tire, ta kasa shigowa ta kasa komawa.

A shafin ƙarshe Motoki ya kashe maharbin shi kaɗai a cikin ƙanƙara, babu kowa nasa, yadda masu irin wannan rubutu suke so. Genzo ya ja layi a ƙarƙashi ya rubuta: "Ba haka ba ne. Yana da mata. Yana da 'ya da ta yi shekara goma sha tara tana jira ya yi magana. Ko a duba?"

"Baba," ta ce. "Ka yafe mini, ni na gaya masa."

"Da ba ki gaya masa ba, da na tafi da shi kabari." Ya share hanci da ƙarfi, ya juya fuska wajen murhu. "Littafin farkon nan nasa wasan yara ne. Wannan kuwa ya tsaya ya binne mutuminsa. Bai san komai ba, amma ya san inda zai tsaya ya yi tambaya. Na kai wa Sokichi, don rabin labarin nasa ne. Ya ce a buga, sharaɗinsa ɗaya, a daina cewa yana da sanƙo."

Dariya ta ƙwace mata a cikin kukan.

"Yana ina? Motoki?"

"Wajen Sokichi. Na ce tunda ya rubuta faskare shafi ɗari uku, ya je ya ga gatari da idonsa. Je ki kira shi kafin ya sare ƙafa. Ki ce Baba na kira."

Ta same shi a bayan gidan Sokichi, tafin hannu duk ƙuraje, ya tara 'yan itatuwa karkatattu, tsohon yana zaune da sandarsa yana yi masa tsiya. Da ya hango ta sai ya saki gatarin.

"Fumi... Hatakeyama-san. Ban san da wanne zan kira ki ba."

"Ban gama fushi ba," ta ce. "Amanar da ka ci, sai ka yi shekara hamsin kana biya da hali."

"Na yarda. Sittin ma."

"To share hancinka, Maharbin Roba. Ya ce Baba na kira."

Sai da ya maimaita kalmar "Baba" sau biyu kafin ta shige shi. Sokichi ya buga sanda a ƙasa ya ce su tafi su ba shi wuri, soyayya ba ta hura murhu.

An sa biki a watan Mayu, a wurin ibada na kan tudu, mai matakala ɗari da ashirin. Littafin ya fito kafin nan, babu gasa babu kyauta, amma masu shagunan Jimbocho suna ajiye shi kusa da teburinsu suna tura wa wanda suka yarda da shi. Iwabuchi-sensei ya aiko da furanni, a ba shi haƙƙinsa, da 'yar takarda cewa shekara talatin yana harbin kwali bai rubuta shafi ɗaya irin wannan ba. A shafin godiya kuwa an karya al'ada, an ambaci masu dubawa, su biyu, sunan gidansu ɗaya.

Ranar bikin Fumino tana cikin fararen kaya a gindin matakalar, Mama tana gyara mata wuya. Genzo ya zo gaban Sokichi zai durƙusa ya goya shi kamar kullum. Sai ango ya riga shi. Motoki, da kayan angwancinsa baƙaƙe masu tsada, ya sa gwiwa a ƙasa ya juya baya.

Shekara goma sha tara babu wanda Genzo ya bari ya taɓa wannan kayan. Fumino ta ga hannun Babanta ya miƙa, ya tsaya a iska, sannan a hankali ya kama Sokichi ta hammata ya ɗora shi a bayan surukinsa.

"A hankali, ɗana," ya ce. "Ya fi yadda ka rubuta nauyi."

Suka hau. Ango a gaba yana haki, Sokichi yana ce masa ya bar tangaɗi, amarya a baya tana dariya tana kuka. Genzo ya zo gefenta ya miƙa mata hannu, abin da bai yi ba tun tana shekara tara, suka taka matakalar tare, bayansa a miƙe.

Haka aka ɗaura auren Motoki Kuramochi da Fumino Hatakeyama. Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya sa duk kuskuren da za su yi wa juna ya zama wanda fensir zai iya gyarawa.